Maficin Dutse: Tsiron da Ke Bushewa Ya Farfaɗo a Duwatsun Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Funtua, ta ratsa Bakori ta nufi Malumfashi a tsakiyar damina, ya san irin albarkar noman da ke wannan yanki na kudancin Jihar Katsina. Dama da hauni babu abin da ido ke gani sai masara da dawa da waken soya da auduga, jefi-jefi kuma ga ɗorawa da kaɗanya da manoma suka bari a tsakiyar gonaki. Amma idan matafiyi ya ɗaga kai kaɗan, zai hangi duwatsu sun yi tsaye nan da can, wasu manya wasu ƙanana, kowanne da ɗan kurmin itatuwa a gindinsa da cikin lungunansa. Garma ba ta hawa dutse, saboda haka waɗannan wurare su ne ragowar dajin da noma bai cinye ba.

A cikin tsagogin irin waɗannan duwatsu akwai wani ɗan tsiro wanda tsayinsa bai cika wuce tafin hannu ba. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, kuma wanda ya gan shi da rani zai rantse mataccen haki ne. Wata shekara a cikin watan Maris na kai ɗalibaina wani dutse da ke gefen wannan hanya, na nuna masu shi a ƙarƙashin wani falalen dutse, ya ƙanƙance ya yi launin toka. Ɗaya daga cikinsu ya murza ganye ɗaya ya zama gari, ya ce, "Malam, ai wannan ya daɗe da mutuwa." Ban yi masa musu ba. Na sa aka tsiyaya masa ruwa a gindi, aka yayyafa wa ganyen, muka rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Da muka komo bayan kwana biyu, sai ga ganyayen sun buɗe sun yi kore, kamar ba su taɓa ganin rani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta gabatar wa mai karatu wannan tsiro, ta bayyana dabarar da yake bi wajen ƙetare rani, da yadda yake hayayyafa, da kuma dalilin da ya sa ya kamata mutanen ƙasar noma su damu da makomarsa.

Dangin agugu

Tsirran da muka saba da su, tun daga gero har zuwa kuka, duk suna yin fure, furen ya zama 'ya'ya, a cikin 'ya'yan a sami iri. Akwai kuma wani tsohon rukuni na tsirrai masu saiwa da kara da ganye, waɗanda ba su san fure ba balle iri. Masana sun daɗe suna kiran wannan rukuni da sunan Pteridophyta. An san nau'o'insa sama da 10,000 a duniya, kuma yawancinsu mazauna wurare masu laima da inuwa ne, kamar kurmin kudancin Nijeriya da bakin rafuka da kawunan tsaunuka. Burbushinsu da aka tono a cikin duwatsu ya nuna cewa suna doron ƙasa tun shekaru miliyan 360 da suka wuce, wato sun girmi tsirrai masu fure da sama da shekaru miliyan 200.

Bahaushe ya san wani abu game da wannan rukuni ta hanyar magani. Dokta J. M. Dalziel, wani likita Bature da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma a ciki ya kawo agugu, wato saiwar wani tsiro na wannan rukuni da fatake ke kawowa ana sha domin kashe tsila. Saboda haka a nan za mu riƙa kiran rukunin baki ɗaya da sunan dangin agugu. Ya kamata a yi gargaɗi a nan cewa irin wannan saiwa tana da dafi idan aka zarce ƙima, har takan taɓa ido, kuma yanzu akwai magungunan tsila a asibiti da suka fi ta aminci.

Alama ɗaya da ake saurin gane yawancin dangin agugu da ita ita ce yadda sabon ganye ke fitowa. Yakan ɓullo a naɗe kamar gammo, sa'an nan ya riƙa warwarewa sannu a hankali daga gindi zuwa kai. Alama ta biyu tana bayan ganye, inda ake samun wani gari mai launin ƙasa, wanda za mu yi bayaninsa nan gaba.

Siffarsa da sunansa

Tsiron da muke magana a kansa sunansa na kimiyya Actiniopteris radiata. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin mai suna Olof Swartz ya bayyana shi a rubuce a 1801, sa'an nan a 1841 wani Bajamushe, Heinrich Link, ya ware masa jinsi na kansa ya ba shi sunan da yake amsawa har yau. Sunan ya fito ne daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin tsirkiyar haske, ɗayar kuma tsiron dangin agugu, domin ganyensa ya bazu ne kamar yadda hasken rana ke bazuwa. Mu kuwa da muka dube shi, abin da ya zo mana a rai shi ne mafici irin na kaba, ko mahuci kamar yadda Katsinawa ke faɗi. Don haka a wannan maƙala muka laƙaba masa suna maficin dutse.

Ganyayensa suna fitowa ne a cure wuri ɗaya, kamar tushen albasa mai lawashi. Kowane ganye yana da siririn sanda mai tsawon santimita 5 zuwa 15, a kansa kuma ga maficin, wanda faɗinsa bai wuce yatsu biyu ko uku ba. Idan aka lura da kyau za a ga maficin ya rabu biyu, kowane ɓangare ya sake rabuwa biyu, haka har sau huɗu ko biyar, har ya zama siraran yatsu masu ɗan haƙora a baki. Wanda bai sani ba zai ɗauka jaririn giginya ne ko goriba. Karansa na ainihi gajere ne, yana ɓoye a cikin tsagar dutse, an lulluɓe shi da wasu ƙananan ɓawo masu duhu, daga jikinsa kuma saiwoyi sirara kamar zare suke kutsawa cikin duk wata kafa da ke da ɗan danshi.

Yankin da yake zaune yana da faɗi ƙwarai. Ana samunsa a busassun ƙasashen Afirka masu duwatsu, tun daga Afirka ta Yamma har Sudan da Habasha da gabashi da kudancin nahiyar, ya ƙetara Madagaska da ƙasar Larabawa da Indiya da Siri Lanka. A Indiya suna kamanta shi da wutsiyar ɗawisu, kuma masu maganin gargajiya na can suna amfani da shi.

Mazauninsa

Duwatsun da ke tsakanin Funtua da Malumfashi tsofaffi ne ainun. Yawancinsu ƙanƙarar dutse ce irin wadda ake kira giranit da danginta, wadda ta daskare a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasa mai taushi da ke kewaye da su, har suka bar su a tsaye. Jamusawa sun ba irin waɗannan duwatsu wani suna mai ma'anar tsibirin dutse, kuma sunan ya dace, domin rayuwar da ke kansu ta sha bamban da ta filin da ke kewaye da su. Dutsen Kufena na Zariya ɗan'uwansu ne.

Zama a kan dutse ba ƙaramar jarrabawa ba ce ga tsiro. Ruwan da ke sauka a wannan yanki yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukkansa yana zuba ne daga Mayu zuwa Satumba ko farkon Oktoba, sa'an nan a yi wata shida ko bakwai babu ko ɗigo. A gona ƙasa takan riƙe danshi na wani lokaci bayan ɗaukewar ruwa. A kan dutse kuwa ruwa gangarewa yake yi nan take, ɗan abin da ya maƙale a tsaga kuma ya ƙafe cikin kwanaki kaɗan. Da bazara zafin fuskar dutse yakan haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, da hunturu kuma busasshiyar iska ta zuƙe duk wani sauran danshi.

Itatuwan da suka iya zama a nan kowanne da dabararsa. Hano, wanda wasu ke kira ararrabi, da kukuki da dashi da faru suna zubar da ganye tun farkon rani su yi ta jira. Tinya da kerana suna tara ruwa a jikinsu. Dangin ɓaure kuwa suna tura saiwa can cikin tsaga har inda ruwa yake. Ganyen da waɗannan itatuwa ke zubarwa, da ƙurar hunturu, da kashin tsuntsaye da na jemagu, da ɗan garin da ke ɓarɓashewa daga jikin dutsen, su ne ke taruwa a tsagogi su zama ƙasa baƙa mai taushi. Cikin cokali na wannan ƙasa yakan ɗauki shekaru kafin ya taru. A cikinta maficin dutse yake kafa saiwa, galibi a ƙarƙashin leɓen wani dutse ko a inuwar itace. Mai nemansa ya fara dubawa ta gefen arewa na dutse, domin da rani rana takan karkata kudu, gefen arewa ya fi samun inuwa.

Yadda yake ƙetare rani

Maficin dutse ba shi da tulun ajiyar ruwa irin na tinya, ba shi da doguwar saiwa irin ta ɓaure, kuma ba ya zubar da ganye kamar hano. Abin da yake yi shi ne ya bar jikinsa ya bushe ƙayau tare da ƙasar da yake ciki. Masara ko dawa idan ganyenta ya rasa rabin ruwan da ke cikinsa, ko kashi biyu cikin uku, to ya mutu ke nan, ko an yi ruwa washegari ba zai tashi ba. Tsirrai irin maficin dutse kuwa sukan rasa kashi 90 cikin 100 na ruwan jikinsu, ko fiye, su zauna a haka wata da watanni, kuma su farfaɗo.

Domin a gane girman wannan al'amari, sai a tuna cewa jikin kowane tsiro an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta, kowanne cike da ruwa kamar salka. Bushewa tana jawo masu haɗari iri uku. Na farko, idan ruwa ya fita, tantanin da ke cikin ɗakin yakan janye daga bango ya yage. Na biyu, sinadaran furotin da ke gudanar da aikin rayuwa sukan lanƙwashe su manne da juna, kamar yadda farin ƙwai ke yi a wuta. Na uku, koren sinadarin ganye yakan ci gaba da kama hasken rana alhali babu ruwan da za a yi aiki da shi, sai ƙarfin hasken ya koma haifar da gurɓatattun sinadarai masu ƙona ganyen daga ciki. Wannan ya yi kama da injin niƙa da aka bari yana gudu babu ruwa a cikinsa. Dalili ke nan da ya sa busasshen ganyen kuka ko na rama ba ya komawa ɗanye ko an jiƙa shi.

Binciken da aka yi a kan tsirrai masu jure bushewa ya nuna yadda suke maganin waɗannan haɗurra. Yayin da ƙasa ta fara ƙafewa, sai tsiron ya shiga tara sukari mai yawa a cikin ƙwayoyin halittarsa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa ruwan rake a ƙasar Ɗanja har ya yi kauri ya daskare ya zama mazarƙwaila, ya ga misalin abin da ke faruwa. Ruwan cikin ɗakin yakan yi kauri har ya daskare kamar alewa, ya riƙe kowane abu a inda yake, babu mai motsi balle ya lalace. Bugu da ƙari, tsiron yakan ƙera wasu furotin na musamman da ke rungumar sauran sinadarai su hana su mannewa. Bangon ɗakunan kuma yakan naɗe a hankali kamar zugazugin maƙeri, ya bi abin da ke ciki, don haka tantanin ba ya yagewa. Game da hasken rana kuwa, maficin dutse yana da dabarar da ido ke gani: yatsun ganyen sukan tsuke su haɗe, sa'an nan maficin baki ɗaya ya sunkuya ya kwanta a jikin sandansa, ya rage fuskar da rana za ta doka.

Idan ruwan farko ya sauka, sai alewar nan ta narke, ɗakunan su cika, ganyen ya miƙe cikin yini ɗaya ko biyu ya kama aikin haɗa abinci. A lokacin da ciyawar fili ke ƙoƙarin tsirowa daga iri, shi ya riga ya yi nisa. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan shiri yana bukatar lokaci. Tsirrai masu jijiya irin wannan sai sun bushe sannu a hankali, cikin kwanaki, kafin su gama tara sukari da furotin ɗin kariya. Idan aka busar da su farat ɗaya, mutuwa suke yi kamar kowane tsiro. Ɗan ƙasar da ke cikin tsaga da inuwar itacen da ke sama su ne ke jinkirta bushewar. Mai karatu ya riƙe wannan batu, za mu komo kansa.

Haihuwa ba fure ba iri

Tun da maficin dutse ba ya fure, ta yaya yake yaɗuwa? Wannan tambaya ta daɗe tana ɗaure wa masana kai game da dangin agugu baki ɗaya. A ƙarshen damina, idan aka juya wasu daga cikin ganyayen da suka fi tsawo, za a ga gefen kowane yatsa ya naɗo ta baya ya rufe wani layi mai launin ƙasa. Layin nan tarin ƙananan jakunkuna ne, kuma a yawancin dangin agugu kowace jaka tana ɗauke da ƙwayoyi 64 na wani gari da za mu kira ƙurar iri. Sai an jera ƙwayoyi 20 ko fiye kafin su cika milimita ɗaya. Idan iska ta bushe, wani zobe da ke bayan jakar yakan tanƙware baya sannu a hankali, sa'an nan ya saki da ƙarfi kamar majaujawa, ya watsa ƙurar da gudun da ya kai kimanin mita 10 a daƙiƙa ɗaya. Daga nan iska ta ɗauka.

Ƙurar iri ta bambanta da iri na sosai. Ƙwayar masara tana ɗauke da jaririn tsiro da guzurinsa, ita kuwa ƙwayar ƙura ɗaki ɗaya ce tak. A 1794 aka buga bayanin wani likita da ke aiki a Jamaika, John Lindsay, wanda ya shuka wannan gari ya ga ya tsiro. A 1851 kuma Wilhelm Hofmeister na Jamus ya warware sauran ƙullin, ya nuna cewa rayuwar dangin agugu zubi biyu ce, kowane zubi yana haifar ɗan'uwansa.

Ga yadda abin yake. Idan ƙwayar ƙura ta faɗa wuri mai danshi da inuwa, takan tsiro ta zama wani ɗan koren faifai, siriri kamar fatar albasa, mai siffar ganyen kalgo, wanda bai kai girman farcen ƙaramin yatsa ba. Ba shi da saiwa ta sosai, ba shi da jijiya. A ƙarƙashinsa ake samun gaɓoɓin namiji da na mace. Ƙwayoyin namiji suna da gashi da suke iyo da shi, kuma ba su da wata hanyar isa ga ƙwan mace sai ta cikin ruwa, ko da kuwa ɗan siririn ruwan da ya kwanta tsakanin faifan da ƙasa ne. Idan sun haɗu, daga nan ne sabon maficin dutse zai ɓullo, faifan kuma ya shuɗe.

Ashe ke nan tsiron da ya gagari rani ba ya iya haihuwa sai da ruwa. Yana bukatar makonni na danshi a jere, irin wanda ake samu lokacin marka a watan Agusta, a cikin tsaga mai ƙasa da inuwa. Daga dubban dubatar ƙwayoyin da iska ke ɗauka, ƙalilan ne ke dacewa da irin wannan wuri. Shi ya sa tushe ɗaya da aka gani a dutse yana iya kasancewa ya shekara da yawa a wurin, kuma idan aka tumɓuke shi ba lalle ne wani ya maye gurbinsa da wuri ba.

Ina ruwan manomi?

Mai karatu zai iya cewa, to, tsiron da ba a ci, ba a sayarwa, ina amfaninsa ga mutumin Bakori ko Ƙafur? Raina kama ka ga gayya. Dattawan wannan yanki ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Ko a shekarar da ruwa ya wadata, manomi ya san fargabar da ke kama shi idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku bayan shuka ta fito. Masara ta fi kowa jin wannan, ga shi kuwa tun da aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua a 1975 da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa ingantaccen iri da takin zamani, masara ta zama babbar abin nomawa a yankin.

Abin mamaki shi ne, masara ma ta san dabarar bushewa, amma a ƙwayarta kaɗai. Irin da manomi ke ajiyewa a rumbu ya bushe har ruwan cikinsa bai wuce kashi 12 ko 13 cikin 100 ba, amma da ya ji danshi sai ya tsiro. Furotin ɗin kariyar da muka ambata a baya, a cikin irin auduga aka fara gano su, a binciken da Leon Dure da abokan aikinsa suka buga a 1981 daga Jami'ar Jojiya ta Amurka. Wato gurya, wadda ake fitarwa a injinan gurzar auduga na Funtua da Malumfashi, tana ɗauke da irin makamin da maficin dutse ke kare ganyensa da shi. Bambancin shi ne, amfanin gona yana kulle wannan makami da zarar iri ya tsiro, tsirran dutse kuwa suna iya buɗe shi a ganye da saiwa duk lokacin da bukata ta taso.

Masana suna neman mabuɗin. Donald Gaff ya jawo hankalin duniya ga irin waɗannan tsirrai na kudancin Afirka a 1971. Farfesa Jill Farrant ta Jami'ar Kef Tawun ta shafe shekaru tana nazarinsu, kuma a 2009 ita da abokan aikinta suka nuna cewa wani tsiron dangin agugu na Afirka ta Kudu yana jure bushewa da rani, amma ganyen da ya yi da damina ba ya jurewa, wato yana kunna dabarar yana kashewa gwargwadon yanayi. A 2017 aka fitar da taswirar ƙwayoyin gado na wani tsiron dutse daga jinsin Xerophyta, aka ga yana amfani da yawancin ƙwayoyin gadon da ke kare iri. Gaskiya ita ce har yanzu babu masarar da za ta bushe ƙurmus a gona ta tashi, kuma aikin yana da wuya. Amma ko ƙarin kwana goma na juriya aka samu, ya isa ya raba manomi da sake shuka.

A ina ake samun tsirran da za a yi wannan nazari a kansu? A shekarar 2000 wasu masana biyu na Jamus, Stefan Porembski da Wilhelm Barthlott, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na tsirrai masu jijiya da aka sani a lokacin suna jure bushewa, a kan irin waɗannan tsibiran duwatsu suke zaune. Duwatsunmu ke nan.

Barazanar da ke fuskantarsa

Bayan 'yan shekaru na sake komawa dutsen nan da na kai ɗalibaina. Na tarar an sare hanon da ke yi wa wurin inuwa, an fasa falalen da nakiya, tifa tana lodin tsakuwa. Wani dattijo da ke da gona a gindin dutsen ya ce mini, "Malam, ni ban san hakin da kake nema ba. Abin da na sani shi ne, tun da aka sare itatuwan can, ruwan dutse yake saukowa da ƙarfi yana yanka mini gona." Ya nuna mini kwazazzabon da ya fara cin kunyoyinsa. Itatuwa da ƙasar tsagogi su ne ke tare ruwan da ke gangarowa, su sake shi a hankali. Abin da ya kori maficin dutse shi ne ya taɓa gonar dattijon.

Barazanar iri huɗu ce. Fasa dutse domin gini da hanya yana rushe mazaunin ɗungum. Saran itace domin girki da gawayi yana ɗauke inuwa, ƙasar tsaga ta riƙa bushewa farat ɗaya, tsiron ya rasa kwanakin da yake bukata domin shirin rani, faifan haihuwarsa kuma ya rasa danshi. Wutar da mafarauta ke cinnawa domin korar gafiya da zomo takan cinye busasshen tsiron har da ɗan ƙasar da yake kai, tun da yawancinta ruɓaɓɓen ganye ne. Awaki kuma, da kiwo ya ƙaranta a fili, sukan hau dutse su tattake su tumɓuke.

Ba a fargabar ƙarewar maficin dutse a duniya baki ɗaya, tun da yankinsa ya kai har Indiya. Asarar tamu ce ta gida. Kowane dutse tsibiri ne, kuma idan aka share na kansa, sai an yi sa'a iska ta kawo wata ƙurar, ta kuma tarar da ƙasa da inuwa suna jiranta.

Kammalawa

Ba wanda zai ce a daina gini ko a daina girki. Abin da ake bukata shi ne tsari. Hakimai da dagatai da ƙananan hukumomi suna iya keɓe wasu duwatsu, ko aƙalla gefensu mai inuwa da kurmi, a hana fasa su da saran itacensu da sa masu wuta, a bar masu tsakuwa su yi aiki a wuraren da aka yarje masu. Ɗaliban jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma da Zariya suna iya ɗaukar dutse ɗaya ɗaya su rubuta tsirran da ke kansa, su kai samfuri ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, suna masu kiyaye shawarar mutanen gari game da wuraren da ke da aminci.

Ga malaman makarantun sakandare kuwa, sau da yawa ana koya wa yara dangin agugu daga zanen littafi, su haddace su rubuta jarrabawa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, alhali wataƙila yana nan a dutsen bayan makaranta. A kai su da rani su zuba masa ruwa a inda yake, su komo su ga abin da ya faru. A ƙarshen damina kuma a tsinki ganye ɗaya mai layin ƙasa-ƙasa a baya, a kwantar da shi a kan farar takarda a ɗaki, da safe za a ga ƙurar iri ta zuba ta zana siffar maficin. Ganye ɗaya ya isa aji guda, kada a tumɓuke tushen.